Famfon Kashe Gobara: Dokokin Kafa Shi da Kula da Shi a Biranen Amurka

1.0 Gabatarwa

Gobara tana daga cikin masifun da suka addabi birane tun lokacin da mutane suka fara gina gidajensu jikin juna. Ruwa shi ne babban makamin yaƙarta, sai dai ruwan da motar kwana-kwana take ɗaukowa a cikinta kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da abin da wuta take buƙata kafin ta mutu. Motar da aka saba amfani da ita a biranen Amurka tana ɗaukar galan 500 zuwa 750, alhali tiyo guda ɗaya yana iya fitar da galan 150 a minti ɗaya. Ke nan cikin minti biyar, ko ƙasa da haka, tankin motar zai ƙafe. Galan ɗin da ake nufi a nan shi ne na Amurka, wanda ya kai kimanin lita 3.8.

Wannan dalili ne ya sa birane suke kafa famfuna na musamman a gefen tituna, domin 'yan kwana-kwana su jona motarsu da babban bututun ruwan gari. A wannan babi za a yi bayani a kan dokokin da ƙananan hukumomi da birane suke shimfiɗawa game da waɗannan famfuna, wato inda za a kafa su, da yadda za a kafa su, da kuma wanda alhakin kula da su ya rataya a wuyansa. An ɗauki biranen Amurka a matsayin misali saboda a can dokokin suna hannun kowane birni, sannan za a waiwayi tsarin Ingila domin kwatance. Abin da za a fahimta shi ne, amfanin famfo a ranar gobara ya dogara ne a kan shawarar da aka yanke da aikin da aka yi shekaru kafin ranar. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

2.0 Ma'ana da Asali

Famfon kashe gobara wani baki ne na ƙarfe da ake fitarwa daga babban bututun ruwa na ƙarƙashin ƙasa, wanda aka keɓe domin ɗibar ruwa mai yawa cikin gaggawa. Ya bambanta da famfon unguwa da ake tara bokiti a gindinsa, domin ba a buɗe shi da hannu, sai da sifana ta musamman, kuma ruwan da yake fitarwa a minti ɗaya ya ninka na famfon gida sau ɗari ko fiye.

Asalinsa yana komawa ga zamanin da ake jan ruwa a birnin Landan ta cikin gumaguman itace da aka rarake. Idan gobara ta tashi sai a haƙa titi har a tarar da bututun itacen, a huda shi, ruwa ya taru a ramin, mutane su riƙa ɗiba da bokiti. Bayan an gama sai a toshe hudar da turken itace, a yi alama a wurin domin wata rana. Bayan babbar gobarar Landan ta shekarar 1666, wadda ta cinye gidaje fiye da 13,000, sai aka fara tanadar irin waɗannan hudoji tun kafin buƙata ta taso. Famfon ƙarfe mai tsayuwa a gefen titi kuwa, galibi ana danganta ƙirƙiro shi ga Frederick Graff, injiniyan ruwa na birnin Filadalfiya, wajen shekarar 1801. Takardun da za su tabbatar da masu ƙirƙire-ƙirƙiren wancan zamani da yawa sun salwanta, domin ofishin rajistarsu da ke Washinton shi ma gobara ta cinye shi a shekarar 1836.

3.0 Ire-iren Famfo

Famfunan da ake kafawa a Amurka iri biyu ne, kuma yanayin wuri shi ke zaɓa wa kowane birni nasa.

Na farko shi ne busasshen famfo. Ana amfani da shi a yankunan da sanyi yake daskarar da ruwa. Bawul ɗinsa yana can ƙasa, a zurfin da ƙanƙara ba ta kaiwa, sannan akwai doguwar sanda ta ƙarfe da ta haɗa bawul ɗin da notin da ke saman famfon. Idan aka murɗa notin sai ruwa ya taso. Idan aka rufe, sai wata 'yar huda da ke gindin famfon ta buɗe, ruwan da ya rage a cikin jikinsa ya tsiyaye cikin ƙasa. Da ba a yi haka ba, ruwan zai daskare ya toshe famfon, ko ma ya fasa ƙarfen.

Na biyu shi ne jiƙaƙƙen famfo, wanda kullum cike yake da ruwa har sama, kuma kowane baki yana da bawul nasa. Ana samun sa a wurare masu ɗumi kamar kudancin jihar Kalifoniya. Ya fi sauƙin ƙira da gyara, amma idan mota ta buge shi ta karya, ruwa zai yi ta tsartuwa sama har sai an rufe daga bututu. Tun daga nan mai karatu zai ga dalilin da ya sa doka ɗaya ba za ta yi wa ƙasa baki ɗaya daidai ba.

4.0 Masu Kafa Doka

A Amurka gwamnatin tarayya ba ita ke faɗin inda za a kafa famfo ba. Akwai ƙungiyoyin ƙwararru da suke rubuta ƙa'idoji na samfuri, kamar Ƙungiyar Kariya Daga Gobara ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NFPA, da aka kafa a shekarar 1896, da kuma ƙungiyar da take fitar da Kundin Dokokin Gobara na Ƙasa da Ƙasa, wanda ya fara fitowa a shekarar 2000. Waɗannan ƙa'idoji ba su da ƙarfin doka da kansu. Sai majalisar jiha ko ta birni ta karɓe su, ta yi musu gyaran da ya dace da wurinta, sannan su zama wajibi a kan mazauna. Saboda haka ana iya samun birane biyu maƙwabta da suka ɗauki kundi ɗaya, amma tazarar da ke tsakanin famfunansu ta bambanta.

Haka kuma doka tana rarrabe famfon hukuma da na masu zaman kansu. Wanda yake bakin titin gwamnati na hukumar ruwa ne. Wanda yake cikin harabar masana'anta ko makaranta ko rukunin shaguna kuwa, mai wurin ne zai kafa shi da kuɗinsa, kuma shi zai riƙa kula da shi, ko da yake 'yan kwana-kwana ne za su yi amfani da shi.

5.0 Dokokin Wurin Kafawa

Tambaya ta farko da doka take amsawa ita ce ta nisa. Kundin da aka ambata a sama ya tanadi cewa idan wani sashe na gini ya yi nisan fiye da ƙafa 400, wato mita 122, daga famfo mafi kusa, to dole a kafa wani a cikin harabar. An sassauta nisan zuwa ƙafa 600, wato mita 183, ga ƙananan gidajen zama da kuma gine-ginen da aka sa wa na'urar yayyafa ruwa a rufinsu. Ba a auna wannan nisa a miƙe ta kan katangu da rufin gidaje, ana bin hanyar da za a ja tiyo ne a ƙasa. Dalilin taƙaita nisan kuwa biyu ne. Kowace mota tana da iyakar tsawon tiyon da take ɗauka, sannan ƙarfin ruwa yana raguwa gwargwadon tsawon tiyon da ya ratsa.

Tambaya ta biyu ita ce ta yawan ruwa. Ga matsakaicin gidan zama na iyali ɗaya ko biyu, kundin ya nemi a samu galan 1,000 a kowane minti na tsawon awa ɗaya. Manyan gine-gine suna buƙatar fiye da haka nesa ba kusa ba. A inda buƙatar ba ta da yawa, tazarar da ke tsakanin famfo da famfo takan kai ƙafa 500, wato mita 152, kuma tana raguwa yayin da buƙatar ruwa take ƙaruwa. Shi ya sa famfuna suka fi yawa a tsakiyar birni da unguwannin masana'antu.

Akwai kuma dokar da ta hana kusanci. Ƙa'idar NFPA ta nemi famfon da ke cikin haraba ya nisanci ginin da yake karewa da ƙafa 40, wato mita 12, matuƙar akwai fili. Hikimar ita ce, idan wuta ta yi ƙarfi zafi zai hana a kusanci famfon da yake jikin bango, kuma bangon yana iya rushewa a kansa. Bayan haka, dole a bar fili na ƙafa 3, kusan mita ɗaya, kewaye da famfon, babu shinge, babu shuka, babu tarin kaya. Wannan fili shi ne wurin da ɗan kwana-kwana zai juya sifana ba tare da ta bugi wani abu ba.

6.0 Dokokin Kafawa

Yadda ake dasa famfon shi ma yana da ƙa'ida. Galibi ba a jona shi da bututun da faɗinsa ya gaza inci 6. Ana sa bawul na daban tsakaninsa da babban bututu, domin idan ya lalace a rufe shi kaɗai a gyara ba tare da an yanke wa unguwa ruwa ba. Ana zuba kankare a bayan gwiwar bututun don kada ƙarfin ruwa ya ture shi, sannan a kewaye gindin busasshen famfo da tsakuwa domin ruwan da ke tsiyaya ya samu wurin shiga. Tsakiyar bakin famfon kada ta gaza inci 18, kimanin santimita 46, daga ƙasa, kuma babban bakin ya fuskanci titi, inda mota za ta tsaya. Yawancin busassun famfuna na zamani an yi musu wata mahaɗa mai rauni da gangan kusa da ƙasa. Idan mota ta buge famfon sai ya ɓalle a wannan wuri, bawul ɗin da ke can ƙasa ya zauna a rufe.

Daga cikin dokokin kafawa babu wadda aka koya da tsada kamar ta daidaita bakin famfo da bakin tiyo. A watan Fabrairu na shekarar 1904 gobara ta tashi a birnin Baltimo. 'Yan kwana-kwana sun kawo ɗauki daga Washinton da Filadalfiya da Niyok da wasu garuruwa, amma da yawansu da suka iso sai suka tarar bakin tiyonsu ba ya murɗuwa a bakin famfunan birnin, domin kowane gari da irin nasa ma'auni. Wutar ta yi kimanin awa 30 tana ci, ta ƙone gine-gine fiye da 1,500. Binciken da aka yi bayan haka ya nuna akwai ma'aunai daban-daban kimanin 600 a faɗin ƙasar. A shekarar 1905 NFPA ta amince da ma'auni guda na ƙasa, amma da yake karɓarsa zaɓi ne, birane da dama sun ci gaba da nasu saboda tsadar canji.

Sakamakon wannan jinkiri ya bayyana a shekarar 1991, lokacin gobarar tsaunukan Oklan a Kalifoniya, wadda ta halaka mutum 25 ta kuma cinye gidaje kusan 3,000. A lokacin bakin famfunan Oklan inci 3 ne, alhali motocin da suka zo taimako daga maƙwabta an shirya su ne domin baki mai inci 2.5. Darasin a fili yake. Birni yana da 'yancin tsara dokarsa, amma a ranar babbar gobara maƙwabta ne za su kawo masa ɗauki, don haka dole dokarsa ta yi la'akari da kayan aikinsu.

7.0 Launi a Matsayin Saƙo

Ɗan kwana-kwana da ya iso wurin gobara cikin dare ba shi da lokacin gwada famfo ya ga yawan ruwan da zai bayar. Saboda haka NFPA ta ba da shawarar a shafa wa kan famfon da murafensa fenti mai nuna ƙarfinsa, kamar haka:

(a) Shuɗi mai haske: galan 1,500 ko fiye a minti ɗaya.
(b) Kore: galan 1,000 zuwa 1,499.
(c) Ruwan lemo: galan 500 zuwa 999.
(d) Ja: ƙasa da galan 500.

Jikin famfon kuwa an fi son a yi masa rawaya mai haske domin a hango shi daga nesa. Abin lura a nan shi ne, a wannan tsari jan kai alama ce ta rauni, wato famfon da ba zai wadatar da babbar gobara ba. Ba kowane birni ne yake bin waɗannan launuka ba, amma inda aka karɓe su doka takan hana mazauna unguwa su yi wa famfo fenti don ado, domin yin haka tamkar goge rubutu ne. A birane da dama kuma ana manna wata 'yar alama shuɗiya mai ƙyalli a kan kwalta daidai inda famfo yake, domin fitilar mota ta haska ta.

8.0 Kulawa

Famfo yakan yi shekaru ba a buɗe shi domin gobara ba, kuma a cikin wannan zama ne tsatsa take cin sandarsa, murfi ya maƙale, tsakuwa ta toshe hudar tsiyaya. Ƙa'idar NFPA ta wajabta a duba famfon masu zaman kansu sau ɗaya a shekara, da kuma bayan duk lokacin da aka yi amfani da shi. A wajen dubawar ana buɗe shi gaba ɗaya, a bar ruwa ya zuba na aƙalla minti ɗaya har ya yi fari, a shafa giris a inda ake murɗawa, sannan a tabbatar busasshen famfo ya tsiyaye cikin awa ɗaya. An kuma ba da shawarar a auna yawan ruwan da famfon hukuma yake fitarwa duk bayan shekara biyar, domin sababbin gine-gine da tsufan bututu suna canza ƙarfinsa.

Buɗewa da rufewa ma suna da ladabi. Ba a barin busasshen famfo rabi a buɗe, saboda a wannan hali ruwa yana fita da ƙarfi ta hudar gindi ya zaizaye ƙasar da ke riƙe da shi. Ba a kuma rufe shi farat ɗaya, domin ruwan da yake gudu idan aka tare shi kwatsam yana dukan bututu da ƙarfin da zai iya fasa shi. Famfon da aka samu a lalace kuwa ana rufa masa jaka ko a rataya masa alama, a kuma sanar da 'yan kwana-kwana, don kada su ɓata lokaci a kansa.

Birnin Niyok, mai famfuna fiye da 100,000, ya raba aikin gida biyu. Hukumar kashe gobara ce take zagayawa tana duba su, sashen kare muhalli, wanda ruwan birnin yake hannunsa, shi kuma yana gyarawa. Dokar birnin ta hana ajiye mota a tazarar ƙafa 15, wato mita 4.6, daga kowane gefen famfo, kuma akwai tara ga wanda ya saɓa. Wata matsalar birnin ita ce a lokacin zafi matasa sukan ɓalle famfo su yi wanka a titi. Famfon da aka buɗe haka yana zubar da kimanin galan 1,000 a minti ɗaya, ya rage ƙarfin ruwan unguwa baki ɗaya. Hukuma ta haramta wannan, amma ta haɗa haramcin da mafita. Duk wanda ya kai shekara 18 yana iya zuwa ofishin kwana-kwana ya nemi a sa wa famfon unguwarsu murfi mai ƙananan hudoji, wanda yake fesa kimanin galan 25 kacal a minti. Da haka yara suka samu wurin shan iska, ruwan kashe gobara kuma bai salwanta ba.

9.0 Tsarin Ingila

A Ingila yawancin famfunan suna ƙarƙashin ƙasa ne, a cikin rami mai murfin ƙarfe, kuma 'yan kwana-kwana suna zuwa da bututun da za su ɗora a kai. Da yake ba a ganin famfon, sai ake kafa ɗan allo rawaya mai ɗauke da harafin H da lambobi biyu. Ta sama tana nuna faɗin babban bututu, ta ƙasa kuma tana nuna nisan famfon daga allon. Dokar harkar ruwa ta shekarar 1991 ta ɗora wa kamfanin ruwa nauyin kafa famfo a inda hukumar kashe gobara ta nema, da kuma kiyaye shi cikin lafiya, sannan dokar hukumomin kashe gobara ta shekarar 2004 ta mayar da lalata famfo ko tare shi laifi. Siffa ta bambanta da ta Amurka, amma tambayoyin da dokar take amsawa ba su canza ba.

10.0 Iyakar Famfo

Famfo baki ne kawai, ba shi da ruwan kansa. A watan Janairu na shekarar 2025, lokacin gobarar dajin da ta afka wa unguwar Pacific Palisades a birnin Los Anjalas, famfunan da ke kan tudu sun ƙafe bayan manyan tankuna uku da ke ba su ruwa, kowanne mai cin kimanin galan miliyan ɗaya, sun ƙare. An tsara bututun birni ne domin gobarar gida ɗaya ko kaɗan, ba unguwa sukutum tana ci a lokaci guda ba. Wannan ya nuna cewa dokar famfo ba ta cika sai an haɗa ta da tanadin tanki da injin tura ruwa da wutar da za ta juya injin.

Wannan batu ya shafi garuruwan ƙasar Hausa kai tsaye, inda gobarar kasuwa take yawaita a lokacin hunturu, kamar wadda ta ci kasuwar Sabon Gari ta Kano a shekarar 2016. A duk garin da ruwan famfo yake zuwa yana ɗaukewa, kafa famfon gobara a bakin titi ba zai wadatar ba sai da tankin da aka keɓe masa. Haka nan a kasuwar da rumfuna suka cinye hanya, famfo mai ruwa ma ba zai amfanar ba idan mota ba ta iya isa gare shi. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

11.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa dokokin famfon kashe gobara sun tsaya ne a kan nisa da yawan ruwa da daidaiton kayan aiki da kuma sanin wanda zai kula. Kowace ƙa'ida daga ciki tana da dalili, kuma da yawansu an rubuta su ne bayan asarar rayuka da dukiya. Malamin da zai koyar a makarantar kwana, ko a garin da kasuwa take tsakiyarsa, ya kamata ya san inda ruwan kashe gobara mafi kusa yake, ya kuma koya wa ɗalibansa cewa kayan hukuma irin wannan amana ce da ba a tarewa, ba a lalatawa.

Tambayoyin Auna Fahimta

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin busasshen famfo da jiƙaƙƙen famfo, tare da dalilin zaɓen kowanne.
2. Me ya sa doka ta hana famfo ya yi nisa da gini, ta kuma hana shi kusantar ginin ƙwarai?
3. Wane darasi aka koya daga gobarar Baltimo ta 1904 da ta Oklan ta 1991?
4. Kawo launuka huɗu da ake shafa wa kan famfo da ma'anar kowanne.
5. Rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukumarku, ka ba da shawarar yadda za a tanadi ruwan kashe gobara a babbar kasuwar garinku.